Aro Ko Sata? Darasi Daga Maƙeran Kumbon Roba

A watan Oktoba na shekarar 2023 an yi wani gwanjo a birnin Dallas na ƙasar Amurka, inda aka sayar da wani ɗan jirgin roba mai tsawon inci 20, wato kamu ɗaya da 'yan kai, a kan dala miliyan 3 da dubu 135. Mai karatu, kada ka ce na yi kuskuren lissafi. Jirgin nan ba ya tashi, ba ya ɗaukar fasinja, in ka gan shi a gefen hanya sai ka ce wani yaro ne ya yar da abin wasan sa. Abin da ya ba shi daraja shi ne, ya na ɗaya daga cikin ƙananan jiragen yaƙin da aka ɗauka a fim ɗin Star Wars na 1977. An tsinto shi ne cikin wani kwali a garejin wani shahararren maƙerin irin waɗannan kaya mai suna Greg Jein, bayan rasuwar sa a 2022.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwan mu da kayan wasan Turawa? Ka yi haƙuri ka biyo ni. A cikin duniyar masu ƙera waɗannan 'yan kumbuna akwai wata gardama da su ka daɗe su na yi, wadda in ka saurare ta da kyau za ka ji kamar a majalisar 'yan fim ko ta marubutan mu ake yin ta. Gardamar ita ce: a ina aro ya ƙare, a ina kuma sata ta fara?

Bari mu fara da yadda abin ya samo asali. Kafin kwamfuta ta karɓe aikin, duk wani kumbo da ka gani ya na keta sararin samaniya a fim, da hannu aka ƙera shi. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1968, babban samfurin kumbon da ake kira Discovery ya kai tsawon ƙafa 54. A 1975 kuma, da George Lucas ya tashi yin Star Wars, sai ya kafa kamfanin Industrial Light & Magic a wani sito a unguwar Van Nuys ta jihar Kalifoniya, ya tara samari a ƙarƙashin John Dykstra. Idan ka tuna farkon fim ɗin, akwai wani ƙaton jirgi da ke ratsowa ta saman kan mai kallo, ya yi ta wucewa kamar ba zai ƙare ba. A labarin, tsawon sa ya kai mil guda. A zahiri kuwa bai wuce ƙafa 3 ba. Jirgin ya na kafe wuri ɗaya a gaban shuɗin ƙyalle, kyamara ce ke tafiya a hankali a kan dogo, na'ura na sarrafa ta.

To amma kyamara kaɗai ba za ta mayar da abu ƙarami ya zama ƙato ba. Idan jikin jirgin sumul ya ke, nan take ido zai gane roba ce. Sai an cika jikin da ƙananan tarkace: bututu, ƙofofi, ƙusoshi, tagogi, ta yadda ido zai ce lallai wannan abu ya na da girma tunda ya ɗauki wannan tarin kaya. Sassaƙa waɗannan tarkace ɗaya bayan ɗaya zai ci shekaru, su kuma ba su da lokaci. Sai su ka yi dabara. A kantunan Turai da Amurka ana sayar da kwalaye masu ɗauke da gutsattsarin roba, waɗanda mutum zai saya ya harhaɗa da gam ya samu 'yar ƙaramar tankar yaƙi, ko jirgin ruwa, ko motar tsere. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Airfix na Ingila su ne gwanayen wannan sana'a. Samarin Lucas su ka riƙa sayo irin waɗannan kwalaye da yawa, su zazzage, su tsinci abin da ya yi masu, su manna a jikin kumbon su. Murfin injin tankar Jamus ya koma bangon kumbo, gangar roket ɗin Saturn V ta kamfanin Airfix ta koma injin jirgin yaƙi. Ba su ne su ka fara ba, domin tun a 1965 Derek Meddings ya na yin haka a shirin talbijin na Thunderbirds a Ingila. Sakamakon wannan aiki, a 1978 aka ba Dykstra da shugaban maƙeran, Grant McCune, da abokan aikin su kyautar Oscar.

Ka riƙe wannan a ran ka: kayan da wasu su ka zana, su ka sassaƙa, aka kwaso aka liƙa, kuma duniya ta tafa.

Yaran da su ka kalli waɗannan finafinai sun girma da son abin a zuciya. Yau akwai dubban mutane a Amurka da Turai da Japan waɗanda wannan ce sha'awar su. Mutum likita ne ko direba ko malamin makaranta, amma in ya dawo gida da dare sai ya shige ɗan ɗakin sa ya duƙufa. Gwanayen cikin su su ne masu ƙira daga tushe. Ba kwali su ke saye su harhaɗa ba. Mutum zai zauna da hotunan fim, ya auna, ya zana, ya yanka fallayen roba da reza, ya lanƙwasa, ya cike ramuka da ƙullin gam, ya goge da samfefa, ya sake cikewa, ya sake gogewa. Akwai ma waɗanda ke ƙura wa tsofaffin hotuna ido har sai sun gano daga wane kwalin tanka aka ciro wani ɗan gutsure mai girman ƙwayar wake, sannan su shiga neman wannan kwali, ko da an daina yin sa shekaru da dama. Kumbo ɗaya ya kan ci watanni, wani ma shekaru.

Idan mutum ya gama, abin da ya samu guda ɗaya ne tak. Mu kira ta uwa. Abokan sa za su gani su ce su ma su na so. A nan ne zubi ke shigowa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin maƙeran tukunyar dalma ya san tsarin: a danna tukunya cikin yashi ta bar gurbin ta, a narka dalma a zuba, ta huce, a fito da sabuwa. Su waɗannan da ruwan silikon su ke amfani a madadin yashi. Za a gina wa uwar ɗan akwati, a kwarara mata silikon ya rufe ta, a bar shi ya daskare ya zama roba mai laushi, a tsaga a zaro uwar. An samu mazubi ke nan. Sai a haɗa wasu ruwaye biyu da ake kira rezin, a gauraya, a zuba cikin mazubin da sauri kafin ya fara ɗaukar zafi ya sandare. Babban abokin gaba shi ne kumfa, domin ɗigon iska ɗaya ya isa ya cinye hancin jirgi, shi ya sa masu hali ke saka mazubin cikin wata tukunya mai matsa iska. Mazubin ma ba ya daɗewa: bayan zubi ashirin ko talatin, wani lokaci fiye da haka kaɗan, sai ya fara yagewa, a sake wani. Saboda haka abin da maƙerin zai iya fitarwa kaɗan ne, kuma kuɗin da zai samu da ƙyar ya ke mayar masa da na kayan aiki, balle ladan watannin da ya yi a duƙe.

Sai mutum na uku ya shigo. Shi wannan bai zana ba, bai auna ba, bai yanke yatsa da reza ba. Zai sayi 'ya ɗaya daga wurin maƙerin, ya mayar da ita uwa, ya yi nasa mazubin, ya shiga zubawa ya na sayarwa a rabin kuɗi ko ƙasa da haka. A duniyar masu wannan sha'awa babu wanda aka tsana kamar sa. Ana korar sa daga wuraren baje koli, ana yaɗa sunan sa, ana ƙaurace wa mai sayen kayan sa. Sunan sa ɓarawon zubi.

To, a nan ne ni kai na ya ɗaure da farko. Mutum uku ne a gaban mu, kuma duk ukun sun ɗauki abin wani. Na farko ya kwashi gutsattsarin Tamiya bai nemi izini ba. Na biyu, wato maƙerin da ke kukan an cuce shi, kumbon wa ya ƙera? Na Lucas ne, kuma sau da yawa ba shi da takardar izinin sayarwa. Na uku ya kwafi na biyu. Shi ɓarawon zubin ma hujjar sa ke nan kullum: kai da ka ke kira na ɓarawo, wa ya ba ka? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan haka ne, me ya sa aka ba na farko kyauta, aka tausaya wa na biyu, aka tsine wa na uku? Son kai ne kurum, ko kuwa akwai wani bambanci na gaskiya?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a koma ga doka. To ga wata shari'a. A 1976 an ba wani Bature mai suna Andrew Ainsworth aikin ƙera hulunan fararen sojojin nan na Star Wars, ya yi guda 50. A 2004 sai ya shiga ƙera irin su ya na sayar wa masoya fim ɗin. Kamfanin Lucasfilm ya kai shi ƙara a Kalifoniya, a 2006 kotu ta ce ya biya dala miliyan 20. Da rigimar ta dawo Ingila, aka yi ta fafatawa har Kotun Ƙoli, wadda a watan Yuli na 2011 ta ce hular ba sassaƙen fasaha ba ce, kayan aikin shirya fim ce, kuma a dokar Ingila ta lokacin kariyar irin wannan kaya ta shekara 15 ce, ta riga ta ƙare. Ka ga mutum ɗaya, aiki ɗaya: a wannan gaɓar teku mai laifi ne, a waccan kuma ɗan kasuwa ne mai bin doka. Ba na raina doka, domin in babu ita mai ƙarfi ne zai cinye mai rauni. Sai dai abin da ke canza launi in ka tsallaka ruwa ba zai zama shi kaɗai ne ma'aunin daidai da rashin daidai ba.

Amsa ta biyu ita ce gumi. Wai wanda ya wahala shi ne mai abu. Wannan ta fi kusa, amma ita ma ta na da rami. Ɓarawon zubi ma ya na shan wahala: ya na sayen silikon, ya na shaƙar warin rezin, ya na faɗa da kumfa. Wanda ya haura katanga cikin dare ya sungumo buhun masara ai ya yi gumi, amma gumin bai mayar da masarar tasa ba. Haka furodusan da ya ɗauko fim ɗin wani ya juye shi sukutum, ya kashe kuɗi, ya sha ranar lokeshin, ya biya 'yan wasa. Wahalar sa gaskiya ce, amma ba ta amsa tambayar mu ba.

Bayan na juya abin a rai na, sai na ga tambayoyi ne guda uku ya kamata a yi wa duk wanda ya ɗauki abin wani, kuma kowace da nata aikin.

Ta farko: me ka ƙara? Murfin injin tanka da ya hau jikin kumbo ya daina zama murfin injin tanka. Wanda ya sassaƙa shi a Japan ma in ya kalli fim ɗin ba lallai ya gane shi ba. An ɗauki abu an ba shi aikin da mai shi bai taɓa tunani ba. Maƙeri na biyu shi ma ya ƙara wani abu, ko da bai kai na farko ba: abin da ke cikin hoto ne ya fito da shi ya zama abin riƙewa a hannu, da awon sa da basirar sa. Na uku fa? Babu abin da ya ƙara, ragewa ma ya yi. Masu abin sun san cewa zubin da aka yi daga zubi ya kan ɗan tsuke, layukan sa su dushe, kusurwoyin sa su dakushe. Kamar kaset ɗin da aka kwafa daga kwafi ne, kowane juyi hoton na ƙara hazo.

Ta biyu: wa ka cutar? Samarin Lucas da kuɗin su su ka sayi kwalayen, kuma babu mutum ɗaya da ya fasa sayen tankar Tamiya don ya kalli Star Wars. Hasali ma har yau masu neman gutsattsarin nan ciniki su ke kai wa kamfanonin. Maƙerin da ya zuba kumbo talatin a garejin sa, gaskiya ne ya shiga gonar da ba tasa ba, kuma ba zan wanke shi tas ba. Amma yawanci abin da ya ke yi shi ne abin da kamfanin bai ga riba a ciki ba balle ya yi. Ɓarawon zubi kuwa kai-tsaye ya ke zuwa kan ɗan abin da maƙerin ke jira. Masu sayen irin wannan kaya ba su da yawa, in ya ɗauke rabin su ya gama da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙarshen abin shi ne maƙerin ya tattara kayan aikin sa ya daina, daga nan shi kan sa ɓarawon ya rasa abin kwafa.

Ta uku, wadda ni a gani na ta fi sauran nauyi: ka faɗi gaskiya? Maƙeran fim ba su taɓa ɓoye cewa tsince-tsince su ke yi ba, har alfahari su ke da shi. Greg Jein ɗin nan da na ambata, shi ya jagoranci ƙera babban kumbon fim ɗin Close Encounters of the Third Kind na 1977, kuma don raha aka liƙa wa jikin sa 'yar motar Volkswagen da akwatin wasiƙa da ɗan mutum-mutumin nan R2-D2. Kumbon ya na ajiye a gidan tarihin Smithsonian, masu ziyara na ta leƙen su. Maƙeri na biyu ma ba ya cewa shi ya ƙirƙiro jirgin, kowa ya san na wane fim ne. Na uku ne kaɗai sana'ar sa ba ta tafiya sai da ɓoyo: ya goge sunan mai aikin, ya sa hoton na asali a talla, ya aiko maka da na jabu.

Wannan ma'auni ba a kan roba kaɗai ya ke aiki ba. Shi kan sa Lucas ya faɗa da bakin sa cewa ya ɗauki dabarar ba da labari ta bakin wasu ƙasƙantattun talakawa biyu daga fim ɗin The Hidden Fortress na Akira Kurosawa, na 1958. Ya ɗauka, ya sauya, ya faɗa. Da Kurosawa ya rasa kuɗin kammala Kagemusha, wanda ya fito a 1980, Lucas da Francis Ford Coppola ne su ka tsaya masa har aka samu. Ka kwatanta da abin da ya faru da wani fim ɗin na Kurosawa, wato Yojimbo na 1961, wanda Sergio Leone ya juye ya zama A Fistful of Dollars a 1964 ba tare da izini ba. Sai da aka kai ƙara, aka sasanta, aka ba mutanen Japan kason su. Abin lura shi ne, fim ɗin Leone fim ne mai kyau ƙwarai, ya ci tambayar farko. Amma kyan sa bai ɗauke masa sauran biyun ba. Ashe mutum zai iya zama gwani kuma ya ci haƙƙin wani a lokaci guda.

Yanzu mu dawo gida, tunda na san tun ɗazu ran ka ya na can. Duk lokacin da aka taso da maganar wankin finafinan Indiya, ko marubucin da ya juye littafin wani ya canza sunayen taurari, sai ka ji an ce ai Abubakar Imam ma aro ya yi. Gaskiya ne. Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo daga labaran Larabawa da na Indiya da na Turai, kuma shi Imam ya bayyana a tarihin rayuwar sa cewa Dakta Rupert East ya tara masa littattafai a Zariya don ya yi amfani da su. To amma ka karanta ka gani. Sarakunan, fadawan, alƙalan, 'yan kasuwar, ba'ar, karin maganar, duk na ƙasar nan ne, har sai masana sun yi bincike kafin su gano inda wani labarin ya fito. Imam irin samarin Lucas ne: murfin tanka ya samu, ya gina kumbo. Wanda kuwa ya ɗauko fim fitowa bayan fitowa, har da inda jaruma za ta juya ta yi kuka, ya kuma rubuta a farko cewa labari da tsarawa nasa ne, wannan zubi ya yi daga zubi. Shi ya sa sau da yawa za ka ga abin bai zauna ba: al'adar da ta sa labarin ya yi ma'ana a can babu ita a nan, sai hoton ya fito da hazo. Kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wata hujja da ba zan tsallake ba, domin ta shafe ni, ta shafe ka. Mai sayen kayan ɓarawon zubi ya kan ce: ni talaka ne, na asalin ya fi ƙarfi na, in ban sayi wannan ba, ba zan taɓa samu ba, to wa na rage wa? Mai karatu, mu faɗa wa juna gaskiya. Ni finafinan nan da na ke ta lissafo maka, yawancin su a faifan nan mai fim goma a ciki na fara ganin su, ko a wurin masu turawa a waya. Ban isa in hau mumbari a kan wannan ba. Kuma na yarda akwai bambanci tsakanin yaron da ba shi da wata hanya da attajirin da ke da hali amma ya zaɓi araha. Sai dai uzuri daban, halasci daban. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: ba don mai saye ba, da mai zubin bai kunna wuta ba. Mun kuma gani da idon mu yadda satar fasaha ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan finafinan mu, mutanen da su ka sa mu dariya da kuka su ka koma neman na cefane. Kowannen mu ya ce nasa guda ɗaya ne, ba zai yi komai ba.

Shin akwai mafita ban da zagi da kotu? Mutanen Japan sun samo wata. Tun tsakiyar shekarun 1980 su ke yin wani bikin baje kolin irin waɗannan ƙere-ƙere mai suna Wonder Festival, wanda kamfanin Kaiyodo ke gudanarwa tun 1992, sau biyu a shekara. A can akwai abin da su ke kira izinin yini ɗaya. Ƙaramin maƙeri zai nuna samfurin sa tun kafin ranar, masu haƙƙin fim ɗin su duba, in sun amince ya biya wani ɗan kaso, a ba shi damar sayar da adadi sananne a wannan rana kaɗai. Mai fim ya samu girman sa da haƙƙin sa, maƙeri ya fito fili ba ɓoye-ɓoye, mai saye ya san abin da ya saya. Abin ya burge ni domin ya nuna cewa sau da yawa abin da ke tsakanin aro da sata bai wuce sallama ba. A ƙauye ma in ka shiga gonar mutum ka yi sallama ka ce ka na son ɗanyar masara biyu, da wuya ya hana ka. In ka shiga ta bayan shinge, ko da biyun ka ɗauka, sunan ka ya canza.

Maganar nan kuma ƙara girma ta ke yi. Yau akwai na'urar da za ta leƙa abu ta kowace kusurwa ta ɗauki siffar sa, wata kuma ta fitar da shi da roba, ba silikon ba mazubi. Akwai manhajojin da za ka ba umarni su zana maka hoto ko su tsara maka labari daga ayyukan mutanen da ba a tambaye su ba. Wahalar kwafi ta kusa ƙarewa, saura kunya kaɗai ta rage a matsayin shinge. Duk da haka, a 2019 da aka zo yin shirin The Mandalorian, masu kwamfutar da ta fi ta kowa sun koma sun sa an ƙera kumbon jarumin da hannu, aka ɗauke shi da kyamara irin ta da. Har yanzu aikin hannun mai abu ya na da wani kwarjini da ido ke ganewa.

Zan rufe da wani abu da ya faru da ni, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa wannan batu ya ƙi bari na. Ina ɗan shekara goma, akwai wani yaro a layin mu da ya fi kowa iya motar langa-langa. Da gwangwanin madara ya ke yin jiki, ya yanka tsohon silifas ya yi taya, ya ja doguwar waya ta zama sitiyari, har ƙofar da ke buɗewa ya ke sa mata. Na tara kuɗin tara na sayi ɗaya a wurin sa. Da aka yi hutu aka kai mu garin kakanni na, yara su ka kewaye ni, wani ya ce wa ya ƙera? Na ce ni ne. Kwana biyu ina sarauta. A rana ta uku sitiyarin ya ɓalle, su ka kawo mani waya da gwangwanaye, su ka zauna su na jira in gyara, in kuma koya masu. Na juya motar nan, na sake juyawa, ban san ta inda zan fara ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kaka ta da ke zaune a gefe ta na tsinkar zogale ba ta ce komai ba sai da su ka watse, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, da ka ce saya ka yi, wa zai ƙwace maka?"

Motar tawa ce, da kuɗi na na saya, babu alƙalin da zai kama ni. Abin da na ɗauka wanda ba nawa ba shi ne sunan yaron nan. Saboda haka ɗan'uwa marubuci, 'yar'uwa marubuciya, malam furodusa, ba wanda ya ce kada ku ɗauka, domin babu mai ƙira daga iska. Ku ɗauka, ku sa hannun ku a ciki har ya zama wani abu, ku tabbata ba tukunyar wani ku ka kife ba, sannan in an tambaye ku daga ina, ku faɗa. Allah ya sa mu dace.